Tumaki Sun Cinye Ɗakin Surukata

"Maigida, fito ka gani! Tumaki sun cinye ɗakin mamarka!"

Mijina ya fito a guje, ko takalmi babu. Shi ya zana mana sabon gidan nan a karkarar Ostareliya, bangonsa duk damman ciyawa: ga araha, ga sanyi ba sai an kunna fanka ba. Yaɓe kawai ya rage sai fari ya sauka, garkenmu ya rasa abin ci.

Ya iske ƙofar ɗakin tsaye ita kaɗai.

"Ya aka yi suka bar falo da kicin? Jibi fa Mama za ta tare!"

"Ikon Allah!" na ce, ina tura bokitin maɗin raken da na shafe bangon ɗakin da shi bayan tankin ruwa.