Kafinta da Baturan Taubashinsa

Shafa'atu, tun da kika ce min za ki sake wa yaran nan makaranta a karo na uku, wai ba sa ɗaukar karatu, wani misali yake ta yi min yawo a rai. Bari in ba ki shi, ki juya shi da kanki.

An yi wani kafinta mai injin huda katako, irin na yanzu da ba shi da igiyar wuta, sai batir da ake zura masa a gindi kamar an sa masa takalmi. Wata rana batirin ya fara sanyi: da an ɗora injin a kan katako sai ya yi gurnani ya tsaya. Kafinta ya ce tsufa ne, komai da wa'adinsa. Ya jefa shi kwandon tarkace, ya nufi kasuwa wurin taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da kayan aiki. Aka jera masa batura a tebur. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana aunawa a tafin hannu, don an ce na jabu ba shi da nauyi. Ya kara a kunne ya girgiza, don an kuma ce akwai waɗanda ake ɗura wa yashi su yi nauyin. Ya duba bakin kowanne ko zai zauna a injinsa, sannan ya zaɓa. Ranar nan sabon batir ya yi aiki kamar ba gobe. Da yamma ya zura shi a cajar da ke rataye a bangon shagonsa, ya ga fitilarta kore shar, alamar ya ƙoshi, ya ce kai, wannan akwai saurin ci. Washegari yana kan rufin ɗakin mutane, hadari yana haɗuwa a gabas, sai injin ya yi gurnanin nan ya mutu a hannunsa.

Ya shanya batirin a rana, yadda ya ga kakansa yana yi wa na rediyo, bai farfaɗo ba. Ya mayar. Taubashi ya sake masa wani yana dariya, ya ce, "Bawana, hannunka ne mai kashe kaya." Na biyun ma yini ɗaya ya yi, na ukun ma haka. A nan kafinta bai zo da wasa ba. Ya dangwarar da batirin a tebur, a gaban masu ciniki, ya ce, "Ashe har ni za ka sayar wa jabu?" Kin san wasan taubasai yana ɗaukar kowace irin baƙar magana, amma duk wanda ke wurin ya ji wannan ba wasa ba ce. Masu saye suka fara zamewa. Kafin la'asar maganar ta isa gida, iyaye sun ji. Ga sunan mutum a kasuwa, ga zumunci, duka biyun suna lilo.

Mai shagon bai rama ba, don ɗaure masa kai da abin ya yi ya fi ɓacin ran yawa. Ya zauna yana jujjuya batirin: yaya za a yi batura uku su kamu da ciwo iri ɗaya, a hannun mutum ɗaya? Ya zura shi a tasa cajar. Fitila ta yi ja, batirin ya daɗe yana ci kamar wanda ya kai azumi, da ya ƙoshi kuwa aka sa shi a inji, ya huda ƙyauren shago har ya ɓulle. Ya gwada sauran biyun, lafiyarsu ƙalau. Sai ya rufe shago ya tafi wurin kafinta, ya yi sallama ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. Nuna min akushin da kake ba su abinci a ciki." Aka sauko da caja daga bango, ya haska cikinta da fitilar waya. Ashe zanzaro ne ya shiga ramin ya gina ɗakinsa na laka, daidai kan ɗan ƙarfen da ke taɓa batir. Koriyar fitilar da kafinta ke yabo kuwa, haka cajar take nunawa in ba ta ji an sa mata komai ba. Duk aikin da baturan suka yi, da guzurin da suka zo da shi daga inda aka ƙera su suka yi shi. Suka kankare lakar da tsinke, suka tono tsohon batir na farko daga kwandon tarkace, shi ma ya ci ya tashi.

Kafinta ya san inda ya zubar da maganar, can ya koma ya kwashe ta, a gaban mutanen da suka ji. Taubashi bai ƙara komai ba sai cewa ya yi, "Wai kai ne mai yi wa mutane rufi, ga baƙo ya yi gini a shagonka ba ka sani ba."

Ban ce makarantun nan ba su da nasu ba, Allah ne masani. Amma yara uku, makarantu uku, ciwo ɗaya, ni dai da zan so in leƙa bangon gida tukuna: in sun dawo wa ke buɗe jakarsu, wa ke cewa biya min abin da aka koya maka yau. Kada ya zama irin abin da Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.