Yatsan Inna Da Ba Lalle

Shekarar da aka fara barin mata su jefa ƙuri'a, Inna ta ƙunsa lalle a duk yatsunta ban da babban yatsan dama, wai an ce tawada ba ta kama lalle. Ta ja ni firamaren Zandam, inda ake zaɓen shugaban ƙasa. Kowa na cewa jihar ta rabu biyu, ƙuri'a ɗaya ma ba ta yarwa ba ce.

Tun azahar muke layi. Saura mata kaɗan a gabanta zazzaɓi ya kayar da ni.

Maƙwabciyarmu ta ce, "Haba Yaya, kwantar da ita gindin dalbejiya ki dangwala mana, ai ba narkewa za ta yi ba!"

Inna ta taɓa goshina da farin yatsan nan, sanyi ƙalau. Ta cire mayafi ta goya ni, duk girmana. "Wani zaɓen na zuwa," ta ce.

Ya zo, amma bai same ta a duniya ba. Yanzu in jikin 'yata ya yi zafi, ni ma ajiye komai nake yi. Sai dai har yau ji nake ƙuri'ar Inna ni na cinye ta.