Babban Inji a Tsohuwar Fijo

Tun da na ga kai ma kana cikin masu cewa bin layi a ofis ɓata lokaci ne, gyara zama ka ji wannan misali.

An yi wani bakanike a Jalingo da ya gaji tsohuwar Fijo daga mahaifinsa, irin wadda yanzu sai ka shekara ba ka ga ɗaya a titi ba. Jikinta garau, ko tsatsa babu, amma injin ya tsufa, da ta ga tudu sai tari da hayaƙi kamar an hura ɗanyen itace. Ana nan sai saƙo ya zo daga Gembu, can saman tsaunin Mambila, cewa yayar mahaifiyarsa tana kwance, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Shekara goma sha ɗaya rabon su da juna. Ita kuwa mahaifiyar tasa ba ta iya zaman motar haya, ƙafafunta kumbura suke yi, in ba a motar gida ta miƙe su ba to babu tafiya. Bakanike ya san da wannan injin motar ba za ta hau Mambila ba ko da ana tura ta. Ya nemo inji ɗan Kwatano mai silinda shida a maimakon mai huɗu, ya sake masa mazauni, ya sa babban lagireto. Cikin kwana tara mota ta tashi da wani gurnani da ya sa maƙwabtan gareji suka ajiye aikinsu suka zo kallo.

Saura abu ɗaya: lambar injin da ke rubuce a takardun mota ta tsohon injin ce. Wani mai walda da ke gefensa ya ce wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne, a kankare lambar sabon a buga ta tsohon, kafin la'asar an gama, gobe a kama hanya. Maganar ta shige shi ƙwarai. Kullum ya koma gida sai ya tarar uwar ta ɗaure kayanta a bakin ƙofa, kallonsa kawai take yi, kuma da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Har ya ɗauki guduma, sai ya tuna cewa sunan ubansa ne a kan takardar. Ya hango an tare su a shingen hanya, an ce injin sata ne, tsohuwa tana zaune a rana tana jira. Ya ajiye gudumar. Ya tattara rasit da takardar kwastan ta injin ya nufi ofishin rajistar motoci, inda aka shiga yi masa je-ka-ka-dawo har mako uku, yana tafe yana fargabar kada waya ta yi ƙara daga Gembu.

Ranar duba mota ya faɗa hannun wani dattijon jami'i mai rowar murmushi. Dattijon ya duba lamba, ya shiga ya ja motar, ya taka birki, sai da ta ƙara tafiya mai tsawo kafin ta tsaya. Ya fito ya ce, "Malam, ka ba ta ƙarfin hawa. Da me za ta sauko?" Ya ƙi sa hannu. Bakanike ya fita yana huci, a ransa babu sunan da bai kira mutumin nan da shi ba. Amma kafin ya kai gareji kunya ta kama shi, don gaskiya ɗaya ce. Wata guda ke nan hawa kawai yake lissafi. Ya ɗora wa mota inji mai nauyi da gudu, ya bar ta da birkin da aka yi wa ƙaramin inji, shi da yake koya wa wasu aiki. Ya kwance ƙafafun motar, ya sa manyan birki, ya ƙarfafa gabanta. Kwana goma suka sake tafiya, sannan dattijo ya sa hannu, aka rubuta sabuwar lamba.

Allah ya sa suka tarar da mara lafiya da ranta. Tsofaffin nan biyu suka riƙe hannu suka yi kuka, suka yi dariya, kafin mako ya cika har sun yi faɗa a kan wata tukunyar uwarsu, abin da ya tabbatar wa kowa sauƙi ya samu. Ranar komawa da hantsi ana yayyafi, suna cikin gangara, rami a hannun dama wanda ba a ganin ƙarshensa. Yana shan wata kwana sai ga babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya. Ya taka birki iya ƙarfinsa. Fijo ta yi ƙara, ta ja, ta tsaya cak, tsakaninta da bayan babbar motar bai kai kamu biyu ba. Tsohuwa ta farka daga gyangyaɗi ta ce, "Har mun iso?" Ya ce, "Saura kaɗan, Inna, koma barcinki." Ta gyara mayafi ta koma.

To ka ji. Ba a banza magabata suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara ba.