Koma ki rufe kanki

Shekarata tara a lokacin, a gidan hayarmu na unguwar Nima. Bayan la'asar ne, ina tsefe kaina a ɗaki, Mama tana kasuwar Maamobi, sai kwanukan cikin kabad suka fara kaɗawa. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Na ji mutanen gida suna salati suna rige-rigen fita, ni ma na bi su da gudu.

A bakin zaure na ci karo da Baba Salisu, wan mahaifina. Daga shi sai tawul a ƙugu, ya rungume rediyonsa. Ya dubi gashina ya ce, "Koma ki rufe kanki, ba ki ga maza ba?"

Na ce, "Baba, ɗakin na rawa."

Ya nuna mini ƙofa da haɓa.

Na koma. Ina miƙa hannu kan gado in ɗauko ɗankwali, ƙasa ta sake girgiza, kabad ya kifo, gilashinsa ya tsaga mini ƙafa. Na fito ina jan jini, ɗankwalin a kaina.

Da Mama ta dawo, Baba Salisu ya ce mata ƙaddara ce. Ta goya ni zuwa asibiti.

Yau 'yata shekararta tara. Idan ana yabon tsoron Allah irin na marigayi Baba Salisu, tashi nake in bar wurin.