Ranar da Babban Masunci Ya Yi Rarrafe

Kai da ka ce ba za ka koyi aiki a hannun wanda bai kai ka ba, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani masunci a bakin babban kogi, dogo ne sambal, shekara arba'in yana su bai taɓa komawa gida hannu rabbana ba. Akwai giwan ruwan da ya kama sai da ƙarti huɗu suka ɗauke shi. Wata shekara ya tafi ganin autarsa da ke aure can ƙasar duwatsu, inda ruwa ke gangarowa daga tsauni da sanyi kamar ƙanƙara. Ya tarar da ita da ciki, ta rame, duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Abu ɗaya ranta ke so, wani kifi mai ɗigo-ɗigon ja a jiki wanda ba ya zama sai a ƙoramar tsaunin. Mijinta ya ce zai aika a nemo. Masunci ya ce, "Ina raye a saya wa 'yata kifi? Kafin azahar yana tukunya." Sai surukin ya haɗa shi da ɗan jagora, wani ɗan guntun mutum wanda sana'arsa ke nan kai baƙi ƙorama, kansa ko ƙirjin masuncin bai kai ba. Jagora ya miƙo masa gora siririya, da zare kamar gashin wutsiyar doki, da 'yar mitsitsiyar ƙugiya wadda aka ɗaure wa gashin zabo har ta yi kama da ƙwarin da ke faɗowa kan ruwa. Ba tana, ba ƙullun dawa. Masunci ya yi dariya har da riƙe ciki.

Suka isa ƙorama, ruwa garau, ana ƙirga tsakuwar ƙasa. Ga kifayen nan jere bayan duwatsu suna kaɗa wutsiya. Masunci ya tsaya ƙiƙam a gaɓa cikin farar rigarsa. Inuwarsa na faɗawa kan ruwa, wulƙ, ko ɗaya bai rage ba. Jagora ya ce, "Baba, durƙusa. Yadda kake ganinsu, haka suke ganinka." Masunci ya dube shi sama da ƙasa. "Ni? In durƙusa wa ruwan da bai kai mini ƙwauri ba?" Abin da ya manta shi ne, kogin garinsu ja ne, kifi ba ya ganin mutum ko a kansa ya tsaya. Ya yini yana jifa, ya dawo hannu rabbana. Washegari ma haka. Yarinyar ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ta ture kwanon tuwo ta koma ta kwanta. Wannan sannun ta fi masa zagi ciwo.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe, don gari na wayewa zai kama hanya. Tun kafin su kai gaɓa ya tuɓe farar rigar ya rataye a reshe, ya dubi guntun nan ya ce, "Malam, nuna mini." Jagora ya zube ƙasa, shi ma ya zube. Suka yi rarrafe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, tsakuwa na cin gwiwarsa, har suka laɓe bayan wani dutse. Jagora ya kama wuyan hannunsa ya kaɗa, zare ya tashi sama ya miƙe, gashin zabon nan ya sauka kan ruwa ba ko motsi, ruwa ya tafi da shi a hankali. Sai ga wata inuwa ta taso daga ƙasa. Zuciyar masunci ta shiga dukan uku-uku kamar ranar da ya fara shiga kwalekwale. Kifi ya buɗe baki, ƙwaro ya ɓace. "Yanzu!" in ji jagora. Masunci ya ɗaga gora, gora ta lanƙwashe kamar baka! Kifi ya yi tsalle sama, rana ta haske ɗigon jikinsa, ya faɗa ya yanka da gudu. Hannun da ya saba jan taru ya so ya fizga, jagora ya ce, "Sake masa, Baba, zai tsinke!" Ya sake. Kifi ya gudu, masunci ya jawo. Ya sake gudu, ya sake jawowa, yana bin sa da gwiwa cikin ruwan sanyi, hula ta faɗi ruwa ya tafi da ita bai ko waiga ba. Da kifi ya gaji ya kwanta a gefe, jagora ya sa 'yar koma ya kwaso shi. Tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba, amma kabbarar da dattijon nan ya yi sai da tsauni ya amsa.

Yarinya ta cinye kifin tas, ta shanye romon, kuma ya zauna mata. Da ta dubi wandonsa duk taɓo, gwiwa a ƙuje, ta ce, "Baba, faɗuwa ka yi?" Ya ce, "A'a, makaranta na je." Da ya miƙe zai fita daga ɗakin, sai kansa ya bugi saman ƙofa, ƙum, kamar yadda ya buga ran da ya zo. Ashe ko taƙi ɗaya bai ragu ba.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.