Mai Auna Wuyan Gumaka

Karo na uku ke nan Kaka Chanthou tana ganin baƙon yana zagaya wuyan gunki da zare. Gumakan wannan kangon bauta na tsakiyar kurmi duk ba su da kai, ɓarayi sun yanke tun lokacin yaƙi. Shi kuwa bai kunna turare ba, bai ɗauki hoto ba, ga jaka ya rungume kamar jariri.

Ta ajiye tsintsiya ta ɗauki adda.

"Jikana, kun kwashe kawuna, yanzu gangar jikin kuka dawo aunawa?"

"Kaka, ba abin da kike zato ba ne."

"Kowane ɓarawo haka yake cewa. Buɗe jakar."

Ya buɗe jakar ya warware ƙyallen da ke ciki. Kan gunki ne na dutse, ido a lumshe, yana murmushi.

"Sunana Vuthy. Mahaifina ne ya yanke shi, ya kasa sayarwa, ya kuma kasa barci. Kafin ya rasu ya ce in mayar, amma ya manta jikin wane gunki ne."

Ta daɗe tana kallon fuskar, sannan ta ce ya biyo ta. Suka wuce gumaka tara ko waiwaye ba ta yi ba, sai a gaban wani da saiwoyi suka nannaɗe. Vuthy ya ɗora kan, ya zauna daram.

"Kaka, yaya aka yi kika sani?"

"Ni na nuna wa ubanka shi, a kan kwano biyu na shinkafa. Kana tsammanin don me na shekara talatin ina sharar wurin nan ba wanda ya sa ni?"