Yatsu Huɗu Tsakanin Taya da Bodi

Buhun masara goma sha huɗu akori-kurar Baba take ɗauka, shi kuwa ashirin yake so ta kai kasuwar Makarfi. Ya sa Malam Sale bakanike ya ƙara mata ƙarfen sifirin biyu a baya don ta jure nauyi, ya ɗaura sababbin tayoyi.

Da la'asar aka yi lodi a ƙofar gidanmu, ina ɗan shekara bakwai. Malam Sale ya ce sai yatsu huɗu sun shige tsakanin taya da bodi, in ba haka ba bodin zai yanke ta. Baba ya gwada nasa, uku suka shiga. Ya waiwayo ya ce, “Auta, zo ka sa naka.” Nawa suka shige har da rara.

Malam Sale ya goge girisin hannunsa, ya ce, “Alhaji, ramukan hanyar nan tamu ta Gazara ba su san yatsun yaro ba.”

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya sa aka sauke buhu uku.

Yau motocina huɗu, kuma da yatsuna nake aunawa, sun yi kauri kamar na Baba. Buhu uku suka kwana a zaure ranar, tayoyin kuwa sun ga damina uku.